Shekara biyu da akwatin ajiyar hotuna na Synology DS220+: abin da na gani

Sana'ata ɗaukar hoto ce a Kano, galibi na biki da suna da walimar sauka, sai kuma hawan sallah da nake ɗauka don sha'awar kaina. Kyamarar da nake aiki da ita mai megafiksel 24 ce, kuma ina ɗauka ne a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da ke riƙe da duk bayanan hasken da ya shiga kyamara, domin shi ne yake ba ni damar fito da fuskar amarya idan mayafi ya yi mata inuwa, ko dawo da aikin farar babbar riga idan rana ta haske ta. Hoto ɗaya yana cin megabait 25 zuwa 30. Biki guda, daga kamu zuwa ɗaurin aure da yini da kai amarya, ba ya gaza hoto 1,500, wato gigabait 40 ko fiye. Kwamfutata kuwa gigabait 512 ne cikinta gaba ɗaya, don haka biki goma sun isa su toshe ta, ta koma tafiyar hawainiya.

Da farko dabarata ita ce ta kowa: in sayi ƙaramin faifan ajiya na aljihu, in kwashe tsofaffin ayyuka in zuba a ciki, in goge na kwamfuta. Na tara irinsu guda biyar a durowa, kowanne da takardar da na manna masa. Wata rana wata baiwar Allah da na ɗauki bikinta shekara uku baya ta zo shago, muka gaisa, ta ce, "Malam, don Allah ko kana da sauran hotunan bikina? Baba ya rasu, kuma akwai wanda ka ɗauke mu yana yi mini nasiha ranar da za a kai ni." Na tuna hoton sarai, domin ni ma ya taɓa zuciyata lokacin da na ɗauke shi. Na ce, "Allah Ya jiƙansa, Hajiya, zauna in duba." Na jona faifan shekarar, sai ya yi ƙas, ƙas, ƙas sau uku ya yi shiru. Na kai shi wurin masu gyara biyu, babu abin da aka ceto. Har yau nauyin komawa in gaya mata yana raina, kuma shi ne dalilin da ya sa na daina ɗaukar maganar ajiya da wasa.

Shi ne na sayi DS220+, ƙaramin akwatin ajiya da kamfanin Synology ya fitar a 2020, ana zura masa manyan faifai biyu, a jona shi ta waya da rauta, wato na'urar da ke raba intanet, sai duk kwamfuta ko wayar hannu da ke kan layin ta gan shi kamar wani ɗakin ajiya. Ba ya zuwa da faifai, daban ake saye, kuma wannan ya kamata mai saye ya sa a lissafinsa tun farko. Na sa masa guda biyu masu terabait 4, irin waɗanda aka ƙera don su kwana suna aiki, na zaɓi tsarin da duk abin da aka rubuta a ɗaya ake rubuta kwafinsa a ɗayan nan take. Ma'ana, kuɗin terabait 8 na biya amma wurin faifai ɗaya na samu, kuma a allo kusan terabait 3.5 ne ya bayyana, saboda masu ƙera faifai da dubu suke ƙirge, kwamfuta kuma da 1,024, ga kuma ɗan kason da tsarin na'urar ke riƙewa. Na yarda da wannan ragin da zuciya ɗaya, tunda idan faifai ɗaya ya mutu na'urar za ta yi ta ƙara tana sanar da ni, in sa sabo, ta sake kwafe komai daga mai rai.

Inda akwatin ya fi burge ni shi ne yadda ya gyara mini tsarin aiki. Idan na dawo daga biki, ina juye katin kyamara a kwamfuta, sannan in tura kwafi zuwa akwatin kafin in taɓa komai, kuma ba na goge katin sai na tabbatar hotunan sun zauna a wuri biyu. Ta waya mai gudun gigabit, megabait 110 ko kusa da haka ke wucewa a daƙiƙa, don haka biki guda yana shiga cikin abin da bai kai minti goma ba. Ta Wi-Fi kuwa aikin yana ja ƙwarai, shi ya sa na ja waya har teburina. Kowace folda ina fara sunanta da shekara, sai wata, sai rana, sannan irin taron, domin su jeru da kansu bisa tsarin lokaci. A Lightroom, manhajar da nake gyara hotuna da ita, kundin bayanan gyara yana zaune a kwamfuta, domin manhajar ba ta yarda a ajiye shi a akwatin ba, amma ainihin yawancin hotunan suna akwatin, ƙananan samfuransu ne kawai a tare da ni. Da waɗannan samfuran nake tace hotuna da gyara launi ko ina gida, sai na koma shago in fitar da cikakkun. Aikin wata biyu na ƙarshe kaɗai nake bari a kwamfuta, kuma tun daga lokacin ba ta sake cika ba.

Akwai wata fasaha a cikinsa da ban san darajarta ba sai da buƙata ta zo. Na'urar tana iya adana yanayin folda kamar yadda take a kowace rana, ta yadda za a iya komawa jiya ko makon jiya. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya taɓa goge foldar wani suna bisa kuskure yana ƙoƙarin rage maimaici, ya zo jikinsa na rawa ya ce, "Oga, na yi ɓarna." Cikin minti biyu muka dawo da ita daga ajiyar daren jiya. Haka kuma na sa ta riƙa bin fayiloli lokaci zuwa lokaci tana gwada su da lambar tantancewa, idan wani ya fara lalacewa a ɓoye ta gyara shi daga ɗaya faifan.

Sai dai wanda zai saya ya san cewa na'ura ce mai son wuta tsayayya, kuma nan ne yanayinmu yake shigowa. Ba ta ci da yawa, kusan wat 15 ne idan tana aiki, amma ɗaukewar wuta tana tsaka da rubutu na iya ɓata bayanai, don haka sai da na ƙara sayen UPS, wato batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, mai jonuwa da ita ta USB, wanda ke sanar da ita ta tsayar da aiki cikin natsuwa idan batir ya yi ƙasa. Zafi ma abin lura ne, domin iyakar da aka tsara mata digiri 40 ne, alhali a watan Afrilu Kano takan kai haka har ta wuce. Na ɗauke ta daga kusa da taga na mayar da ita ƙuryar da iska ke ratsawa, kuma da tsakar rana a bazara nakan kashe ta idan babu aiki. Lokacin hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Duk mako biyu sai na kashe ta na share ƙofofin iska da buroshi mai laushi.

Abin da na fi so masu sana'a irina su fahimta shi ne, faifai biyu a akwati ɗaya maganin mutuwar faifai ne kawai. Gobara ko ɓarawo ko wuta mai ƙarfi da aka kawo bagatatan duk tare za su tafi da su. Ƙa'idar da ake dangantawa da Peter Krogh, mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, ita ce a riƙe kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban. Na so in cika na ukun da ajiyar intanet, amma Google Photos ya daina ajiya kyauta marar iyaka tun 1 ga Yuni, 2021, gigabait 15 ɗin da yake bayarwa kuma bai kai rabin biki ba, ga kuɗin data da tura terabait guda zai lashe. Saboda haka zaɓaɓɓun hotunan da na gama gyarawa kaɗai nake ɗorawa a can, su da ba su da nauyi.

Ga wanda hotunansa na iyali ne, 'yan dubbai a shekara, ban ga dalilin wannan kashe kuɗi ba. Faifan aljihu biyu masu ɗauke da abu iri ɗaya, ɗaya a gida ɗaya a gidan ɗan'uwa, sun wadatar. Amma ga wanda amanar bikin mutane ke hannunsa, na gamsu da akwatin, kuma idan ya cika zan musanya faifansa da waɗanda suka fi girma. Kwafi na uku kuma ta hanyar Hyper Backup nake yin sa, manhajar da Synology ta tanada don haka, zuwa faifan USB guda biyu da nake musanyawa. Duk Juma'a bayan masallaci nakan biya gidan yayana in ajiye na wannan makon a cikin akwatin ƙarfen da ke ɗakinsa, in ɗauko na makon jiya in dawo da shi shago.