Zauren masu kumburin hanji a Birnin Kebbi: ya iya shawarar abinci, ya kasa tsare magani

Masu fama da kumburin hanji mai naci, wato cutar Crohn da ulcerative colitis, suna da zauren WhatsApp a Birnin Kebbi, kuma sukan haɗu jefi-jefi. Shiga kyauta ne, galibi da saƙon murya ake hira, don haka wanda bai iya karatu ba ma yana amfana.

Sabon shiga ne ya fi cin moriyarsa. Yawanci ya sha Flagyl ya gaji, wannan ya ce atini ne, wancan ya ce basir. A nan ake nuna masa hanya: gwajin bayan gida, awon jini, sannan duba babban hanji da kyamara a ɗebi ɗan nama a auna. Suna kuma nanata a tabbatar ba tarin fuka na hanji ba ne, domin yana kama da Crohn sosai, kuma prednisolone, maganin da ake kwantar da kumburin da shi, ƙara hura tarin fukan yake yi. Bayanin shirin da ake yi kafin awon kyamara ma daidai ne: a bar ganye da wake kwana biyu ko uku, jajibirin awon a koma abin sha mai ruwa-ruwa, a shanye maganin wanke ciki duka. Wanda ya sha rabi, hanjin ba zai fito fes ba, ya yi asarar kuɗin awo da na mota, musamman in Sakkwato aka tura shi.

Idan ciwo ya motsa, shawararsu tuwon shinkafa mai laushi, tataccen kunu, dafaffen kifi da ayaba, a jingine yaji da kwaɗon zogale. Ruwan gishiri da sukari kuwa, lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabi na gishiri. Sai dai sun yi wa nono kuɗin goro, alhali wasu ne kawai yake ɓata wa ciki.

Matsalar tana wajen magani. Ba likita ko ma'aikacin jinya mai sa ido, sai ka ji an ce "ni wannan na sha na miƙe". Prednisolone ba a yanke shi farat ɗaya, a hankali ake ragewa. Diclofenac da ibuprofen na kemis suna iya tayar da ciwon, paracetamol ya fi sauƙi. Sulfasalazine, wani maganin kumburin hanji, na iya farfasa jinin mai ƙarancin G6PD, wato sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ga shi mai shansa yana buƙatar folic acid. Loperamide, maganin tsayar da gudawa, in aka sha lokacin gudawa da jini yana iya sa hanji ya kumbura sosai har ya kai ga tiyata. Masu tallar maganin gargajiya ma suna kutsowa, ba mai korarsu.

Mata ba su cika magana gaban maza ba, ya kamata a ware musu nasu zauren.

Duk wanda ya yi gudawa da jini sau shida ko fiye a rana, ga zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri, kada ya jira amsar zaure, ya nufi Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya.