Sharhi kan awon ƙahon barewa mai karyayyen reshe

A lokacin farautar watan Nuwamban bara, a jihar Wisconsin ta Amurka inda nake zaune, na harbi namijin barewa mai farar jela wanda reshe na uku na ƙahonsa na dama ya riga ya karye, kuma da yake bakin karayar ya yi sumul, na gane cewa a wajen karo da wani namijin ya rasa shi. Na so in kai wa mai gyaran kawunan namun daji ya cike gurbin, sai wani tsohon mafarauci ya ce kada in taɓa komai kafin awo.

Mai awon da na samu yana bin tsarin ƙungiyar Boone and Crockett mai ajiye kundin manyan namun daji da aka farauto, wadda Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya kafa a 1887, kuma bai karɓi ko sisi ba domin aikin sa-kai yake yi. Ya ƙi auna ƙahon sai da ya cika kwana 60 yana bushewa a ɗaki, sannan ya zauna da siririn tef na ƙarfe da wata waya mai lanƙwasuwa, yana rubuta kowane awo har zuwa kashi ɗaya cikin takwas na inci.

Da ya iso wurin karayar, abin da ya rage kawai ya auna. Reshen hagu ya kai inci 9, na dama kuwa ya tsaya a 5, kuma tunda kowane inci maki ɗaya ne, sannan rukunin ƙahonni masu siffar da aka saba, inda nawa ya faɗa, yana neman ɓangarorin biyu su yi daidai, na rasa inci 4 na tsawo, aka kuma sake cire 4 na bambanci, wato asarar maki 8 a kan reshe guda. A ganina hukuncin ya yi tsauri ga dabbar da ta samu rauninta a daji, amma na yarda cewa ba a ba da maki a kan abin da ido bai gani ba.

Mai awon ya bayyana mini cewa da guntun da ya karye yana hannuna, ana iya duba gyaran da aka yi da ainihin ƙahon, muddin an faɗa tun farko, kodayake kwamitin ƙungiyar na iya ƙin karɓa. Wanda kuwa ya sa zarto ya yanke wani reshe da gangan don makinsa ya hau, ko ya liƙa abin da ba na dabbar ba, ƙahonsa ba ya shiga kundi, haka ma ƙahon barewar da ƙwaryar kanta ta rabe biyu, saboda ba a iya tabbatar da faɗin tsakanin ƙahonnin.

Nawa ya tashi da maki 146, alhali ana buƙatar 160 kafin a samu takardar yabo, don haka ko da reshen bai karye ba, da ban kai ba. Na gamsu da haƙurin mai awon, sai dai na jira mako uku kafin ya samu sarari. Yanzu ƙahon yana rataye a falo da karayarsa, kuma na fasa cike gurbin.