Hitar sola ko hita mai zuƙo zafi daga iska: wacce ta dace da gida mai mutum 6?

Malam, barka da war haka. Tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, don ba a amsa ta a layi biyu. Ka ce ku 6 ne a gida, hitar lantarki na cinye muku wuta, kana son sauyawa amma an raba maka hankali: wasu sun ce ka ɗora hitar sola a kan rufi, wasu sun ce ka sayi sabuwar nan mai zuƙo zafi daga iska. Ka kuma ambaci abubuwa 3 da a wurina su ne ƙashin bayan maganar: ana yawan ɗauke muku wuta, yawancinku da sassafe kuke wanka, kuma akwai bishiya a gefe ɗaya na gidan.

Mu fara da lissafi, don ka ga inda kuɗinka ke tafiya. Kafin lita 1 ta ruwa ta ƙara digiri 1 na zafi, sai ta sha wat-awa 1.16. A ce gidanka na amfani da lita 200 a yini, ana ɗaga zafinsa daga digiri 20 zuwa 60. Ya kama kilowat-awa 9.3 ke nan, wato yunit 9 da 'yan kai a mita, kullum ta Allah. A wata kusan yunit 280. Hitarka ba ta lalace ba, halinta ke nan: elemen ɗin da ke cikinta, wato ƙarfen da ke ɗumama ruwan, in ya sha yunit 1 na wuta, yunit 1 na zafi zai ba ka, ko ɗigo ba zai ƙara ba. Na'urorin biyu da ake kwaɗaita maka dabararsu ɗaya, su ɗebo zafin daga inda ba a biyan kuɗinsa. Wannan daga rana, waccan daga iska.

Mutane da yawa suna haɗa hitar sola da fanel ɗin sola mai ba da wuta, alhali kowanne da aikinsa. Ita hitar ba ta samar da lantarki ko kaɗan. Baƙin faranti ne da bututun jan ƙarfe a ƙarƙashin gilashi, ko kuma jerin bututun gilashi masu bango biyu da aka zuƙe iskar da ke tsakaninsu, irin cikin filas. Rana ta gasa ruwan, ya yi rashin nauyi ya hau tankin da ke sama, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa. Haka zai yi ta zagaye har rana ta yi sanyi, babu injin tura ruwa, babu waya, babu abin da ke juyawa. Tsohuwar fasaha ce. A 1891 Clarence Kemp ya yi rajistar tasa a Baltimore ta Amurka, tankuna ne baƙaƙe cikin akwatin gilashi, sai dai da dare ruwan kan huce. A 1909 William Bailey a Kalifoniya ya raba farantin da tankin, ya lulluɓe tankin don ya riƙe zafi har wayewar gari, ya sa mata suna Day and Night, wato dare da rana. Na kawo wannan ne don matsalar da ya warware ita ce taka: zafin da aka tara da azahar, a same shi da safe.

Ita kuwa mai zuƙo zafi, in kana son ka gane ta, je ka sa hannunka a bayan firijinka. Ɗumin da ka ji, daga cikin firijin aka kwaso shi aka watsar a waje. To haka take, sai dai ita ɗumin take nema. Fanka ta jawo iskar wurin ta bi ta kan bututu mai ɗauke da gas ɗin da ke tafasa ko a cikin sanyi, gas ɗin ya sha zafin iskar, kwamfuresa ta matse shi ya yi zafi sosai, ya zagaya jikin tanki ya sauke zafin a ruwa. Wutar da ta sha ta tafi ne a kan ɗauko zafin kawai, shi ya sa yunit 1 ke dawo da yunit 2 zuwa 3 na zafi, wani lokaci fiye in iskar na da ɗumi. Yunit 9.3 ɗin nan naka zai koma wajen 3 zuwa 5.

A wajen rage kuɗin wuta ba su yi wa juna nisa ba. Ma'aikatar makamashi ta Amurka na cewa hitar sola kan rage kashi 50 zuwa 80 cikin 100 na abin da ake kashewa a ɗumama ruwa, mai zuƙo zafi kuma, da lissafin da muka yi, daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku take ragewa. Bambancin yana cikin yadda ragin ke zuwa. Na mai zuƙo zafi kusan ɗaya ne kullum, dare ko rana. Na sola kuwa yau ka sha ruwan zafi kyauta ɗungurungum, gobe hadari ya rufe gari kwana 3 elemen ɗin ko-ta-kwana da ke cikin tankin ya tashi ya ci wuta kamar tsohuwar hitarka. Dukkansu sun fi hitar lantarki tsada a ranar saye, wannan kam ka shirya masa.

Inda suka rabu sosai shi ne maganar ɗauke wuta. Mai zuƙo zafi ba ta jan wuta da yawa, yawancin na gida wat ɗari-ɗari ne kwamfuresarsu ke sha, elemen kuwa dubu-dubu. Amma a hankali take aiki, takan ɗauki sa'o'i kafin ta ɗumama cikakken tanki, saboda haka tana son wuta mai ɗorewa. In ana kawowa ana ɗaukewa, ko ƙarfin wutar na hawa da sauka, kwamfuresa da allon lantarkinta ne za su sha wahala, kuma su ne mafi tsada a jikinta. Hitar sola mai tanki a sama ba ruwanta da wannan. Matuƙar ruwa na isa gare ta, ko sati aka yi babu wuta za ta yi aikinta. Wannan kaɗai ya sa na karkata gare ta a gidanka.

Sai wankan safe. Nan mai zuƙo zafi ta fi sauƙin sha'ani, don in wani ya ƙarar da ruwan da daddare, za ta sake ɗumamawa kafin gari ya waye, in akwai wuta. Sola kuwa abin da ta tara da rana shi ke nan, sai wata ranar. Kuma ga abin da masu sayarwa ba sa yawan faɗa: duk ruwan zafin da aka ɗiba da yamma, mai sanyi ne ke shiga ya maye gurbinsa a tankin. In mutum 3 suka yi wanka da dare, na safe za su tarar da ruwa mai ɗumi-ɗumi kawai. Maganin shi ne tanki babba mai kaurin lulluɓi. Ga mutum 6 masu wankan safe ni ba zan tsaya a lita 200 ba, zan nemi 300. Faɗin farantin ma a lissafa shi: inda rana ke sauke kimanin kilowat-awa 5 a kan kowane murabba'in mita a yini, aka kama rabinsa, sai an shimfiɗa wajen murabba'in mita 4 kafin a samu yunit 9.3 ɗin nan.

Ni sola ce a gidana, kuma na sha haushinta a watannin farko. Wanda ya haɗa mini ya bar bututun da ya sauko daga rufi zuwa banɗaki tsirara, ba lulluɓi. Da safe sai in buɗe famfo in tsaya riƙe da bokiti, ruwa mai sanyi na ta zuba, bokiti ya kusa cika kafin in ji ɗumi a yatsuna. Na ɗauka na'urar ce ba ta da kyau. Da aka naɗe bututun da soson lulluɓi, aka kuma rage masa kwana-kwana, sai ga shi kafin in gama ajiye tawul ruwan ya fara turiri. Don Allah kada ka bari a yi maka rowar wannan soson, shi ne mafi arha a duk kayan, kuma rashinsa na iya sa ka tsani na'urar baki ɗaya.

Kowacce da wurin da take so. Sola na son rufin da rana ke dukansa daga hantsi zuwa la'asar, yana fuskantar kudu in kana arewa da layin ikwaita da ya raba duniya biyu, arewa in kana kudu da shi. Tana kuma son rufi mai ƙarfi, don lita 300 na ruwa kilo 300 ne, ban da nauyin tankin da ƙarafunansa. A sa kafinta ko injiniya ya duba katakon kafin a hau da komai. Mai zuƙo zafi rufi bai dame ta ba, iska take nema. Shawarar waccan ma'aikata ta Amurka ita ce a ba ta fili mai iskar da ta kai kyubik mita 28, a wurin da yanayinsa ke tsakanin digiri 4 zuwa 32. Na ga sakamakon ƙin bin wannan a gidan wani ƙanena. An cusa tasa a ɗan ƙaramin sito aka rufe ƙofa. Da na buɗe sai sanyi ya buge ni kamar na buɗe firiji, ga ruwa na ɗiga daga wani siririn tiyo ya jiƙa siminti. Ta zuƙe zafin iskar ɗakin ƙaf, ta koma tana zuƙar sanyin da ta fitar, daga ƙarshe ta haƙura ta kunna elemen. Shi kuma yana ta mamakin yadda kuɗin wutarsa bai sauka ba. Da aka huda ƙofar aka sa mata raga sama da ƙasa, aka ja tiyon zuwa magudana, lamarin ya daidaita. Tana da ƙara kuma, ta ɗan fi ta firiji, kada a jingina ta da bangon ɗakin kwana.

Kulawa: sola a wanke gilashinta in ƙura ta hau, mai zuƙo zafi a wanke ragar tace iskarta. In ruwanku mai barin farin ɓawo ne a cikin butar dafa ruwa, zai bar shi a bututun sola ma, sai ka nemi irin wadda ruwan wanka ba ya bi ta cikin farantin kai tsaye. Yawancin tankunan ƙarfe na kowane ɓangare suna da wani sandan magnisiyam da tsatsa ke ci a madadin tankin, a riƙa duba shi ana sauyawa. Galibi sola ta fi daɗewa, don ba ta da abin da ke motsi, kuma mai aikin famfo na iya gyara yawancin matsalolinta. Ɗayar sai wanda ya san aikin firiji da na'urar sanyaya ɗaki, saboda haka ka tabbatar akwai shi da kayan gyara a kusa da kai kafin ka saya.

Akwai magana ɗaya da ba na son ka tsallake, don akwai yara a gidan. Ba a kashe rana. In kun yi tafiya ko an yi zafi sosai, ruwan sola na iya kusan tafasa, kuma ko a digiri 60 ruwa na ƙona fata cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Dole a sa bawul mai gauraya ruwan zafi da na sanyi kafin ya isa banɗaki, da bawul mai sakin matsi a jikin tankin. Kada kuma a ce za a kauce wa ƙuna ta hanyar barin ruwan tanki da ɗumi-ɗumi. Ƙwayar cutar Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a Filadelfiya ta Amurka a 1976, tsakanin digiri 20 zuwa 45 take yaɗuwa, shi ya sa ake son tanki ya riƙa kaiwa 60. Wannan ya shafi na'urorin biyu.

Abu ɗaya ne zai sa in sauya shawara. In kana da fanel ɗin sola mai ba da wuta, ko kana shirin sawa, lissafin ya juya. Fanel na mayar da kusan kashi 20 cikin 100 na hasken rana lantarki, mai zuƙo zafi ta ninka shi sau 3, ka ga an kamo abin da farantin hitar sola ke kamawa, ga shi wutar na yi maka wasu ayyukan in tanki ya cika. Sai ka saita ta ta riƙa aiki da tsakar rana, lokacin da iska ta fi ɗumi fanel kuma ya fi ba da wuta, tankin ya zame maka kamar batir. A ƙasashe masu sanyi ma mai zuƙo zafi ta yi nisa: tun 2001 Japan ke sayar da irin ta mai suna EcoCute. Ita kuwa sola, a tsibirin Saifurus da wuya ka ga rufin da babu ita, Isra'ila ta wajabta ta a sabbin gidaje tun 1980, Sifaniya ta bi a 2006.

Saura bishiyarka. Ranar da kake gida, fita ka dubi rufin da ƙarfe 9 na safe, da 12, da 3 na yamma, ka ɗauki hoto kowane lokaci. Ka tuna a lokacin sanyi rana kan yi ƙasa, inuwa ta ƙara tsawo, kuma lokacin ne kuka fi bukatar ruwan zafi. In akwai murabba'in mita 4 zuwa 5 da inuwa ba ta taɓawa a waɗannan sa'o'i, sa sola mai tankin lita 300, ka bar elemen ɗinta a kan makunni don ranakun hadari. In inuwar ta cinye wurin, turo mini hotunan tare da yawan sa'o'in da kuke samun wuta a yini, mu duba ko ɗayar za ta iya rayuwa a gidan.