Feta ko cukun Fulani a salak mai kayan marmari? Amarya, ɗauki na Fulani

Amarya, sayi cukun Fulani, ki bar feta a kan kantarsa. Na ga wasu 'yan'uwa sun ce miki salak ɗin da ake haɗawa da kayan marmari da gyaɗa ba ya cika sai da feta na babban kanti, shi ya sa kika tsaya kina tambayar wanne za ki sa wa dangin miji. Dukansu biyun sun shiga kicin ɗina, kuma ban yarda da maganarsu ba.

Feta ba shi da laifi a garinsu. Cukun ƙasar Girka ne, da madarar tumaki ake yin sa, wani lokaci a haɗa da ta awaki da ba ta wuce kashi 30 cikin 100 ba, sannan a bar shi a ruwan gishiri aƙalla wata biyu. Tun shekarar 2002 Tarayyar Turai ta keɓe sunan ga wanda aka yi a can kaɗai. Gishiri da tsami su ne duk abin da yake kawowa cikin salak. Fakitin giram 200 da na taɓa saya, yana haɗuwa da ruwan mangwaro ya marmashe ya shafe ganyen da fari, yara suka ce yana warin akuya, rabinsa a firji ya ƙare. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan.

Cukun Fulani kuwa a Minna na san shi, lokacin da aiki ya kai maigida can. Ina nufin ɗanyen nan mai laushi, fari tas, wanda mutanen Ilori ke kira wara, 'yan'uwanmu na Gana da Benin kuma wagashi. Wata dattijuwar Bafulatana ce take kawo mana shi da hantsi a ƙwarya, yana iyo cikin ruwansa. Inna muke ce mata. Da muka saba, ta yarda na bi ta ruga na ga yadda ake yi. Madarar da aka tatso da asuba ta ɗora a tukunya kan wuta kaɗan, ba ta bari ta tafasa ba. Ta tsinko ganyen tumfafiya da karan jikinta, ta daddaka, ta jiƙa a ɗan madarar, ta tace a cikin tukunyar. Ni da na taso ina jin ana hana mu taɓa farin ruwan tumfafiya, sai da gabana ya faɗi. Ta yi dariya ta ce in zuba ido. Ba a jima ba madarar ta fara dunƙulewa tana tasowa sama, ruwa mai ɗan rawaya ya koma ƙasa. Ta ƙara wuta ya dahu sosai, sannan ta riƙa kwasa da ludayi tana zubawa a wasu 'yan ƙananan kwanduna na saƙa, ruwan yana tsiyayewa. Da ta kife ɗaya a tafin hannuna yana da ɗumi, zanen saƙar kwandon ya fito raɗau a jikinsa. Wajen lita 5 na madara ake ci kafin a samu kilo ɗaya, don haka tun ranar na daina taya mata da arha.

Abin da ya sa nake fifita shi a salak shi ne yana jure wuta. Ki jefa shi a mai, ba zai narke ba, sai dai ya yi ja a waje, ciki ya tsaya da taushi. Ranar da uwar mijina ta zo, Allah Ya ƙara mata lafiya, mace ce da ba ta ɗaukar ɗanyen ganye a bakin abinci in ba kwaɗo ba ne. Na soya cukun, na zuba shi da zafinsa a kan latas da yankakken mangwaro da gyaɗa. Ta fara tsintar cukun kaɗai, can sai na ga tana haɗawa da mangwaron, daga nan ganyen ya bi. Da ta gama ta ce, "'Yar nan, gobe ma a yi mini irinsa, amma a ƙara gyaɗar." Har yau in za ta zo, shi take aikowa a tanada.

Masu son feta za su ce miki na Fulani lami ne, kuma gaskiyarsu ce. Ba gishiri, ba tsami, ɗanɗanon madara kawai. Amma wannan a hannunki yake. Kina kawo shi gida ki ɗauraye, ki tafasa shi a ruwan gishiri kamar minti 10 zuwa 15. Tafasar tana sa masa gishirin har ciki, tana ƙara masa ƙarfi, sannan tana kashe abin da ya kwaso a hanya, don ya sha hannu da rana kafin ya iso gare ki. In kina da juna biyu, ko akwai mai shi a cikin baƙin, kada ki tsallake wannan, ɗanyen cuku mai laushi yana iya ɗaukar ƙwayar cutar da ke taɓa ciki. Bayan ya huce ki yanka shi ƙanana, ki matsa masa lemun tsami, ki barbaɗa ɗan masoro, ki bar shi ya tsumu kafin ki soya a mai kaɗan. Tsamin da ake nema a feta ga shi ya samu, kuma ke kika auna shi daidai bakin mutanen gidanki.

Raunin sa ɗaya, ba ya kwana da yawa. In ba firji, kwana biyu ya fara yauƙi da tsami, sai dai ki riƙa sake tafasa shi kullum. Ki saye shi ranar da za ki yi amfani da shi ko jajibirinta.

Kada kuma ki rikita shi da busasshen cukun da ake kawowa daga Nijar, na wajen Tawa da Agadas, mai faɗi da tauri da ake ci da shayi. Shi ma ina son sa, amma a salak sai dai ki daka ki barbaɗa kaɗan a sama don ƙamshi, ba zai tsaya a matsayin wancan ba.

Ganyen, latas ki nema, wanda ganyensa ke ƙara in kin karya. Girke-girken da kike gani a intanet suna yawan kiran wani ganye mai ɗan yaji da Turawa ke ci ɗanye, kada ki wahalar da kanki nemansa. Lansir ɗinmu danginsu ɗaya, kuma yajinsa ya fi fita. Ki sa latas kashi uku, lansir kashi ɗaya, shi zai karya zaƙin kayan marmarin. Sai dai lokacinsu da mangwaro ba ya cika haɗuwa: lansir na sanyi ne, mangwaro kuma sai zafi ya shigo, wajen Maris zuwa Mayu. Don haka da hunturu ina haɗa lansir da lemun zaƙi da aka ɓare aka cire fatar ciki, ko gwanda da ba ta yi luguf ba, ko tuffa. In kin dace da sitiroberi na Jos, wanda shi ma lokacin sanyi yake fitowa, to kin more. Da bazara kuma mangwaro marar zare da latas, sai albasa ja yankan siriri a madadin yajin lansir. Ta garin Galmi na Nijar ta fi, amma kowace ja za ta yi in kin jiƙa ta a ruwa ta rage kaifi. Tuffa in kin yanka ki shafe ta da lemun tsami nan take, in ba haka ba kafin baƙi su wanke hannu ta yi duhu. Kankana kam ki bar ta a sha daban, ruwanta yana kwantar da ganye. Iri ɗaya ko biyu na kayan marmari sun isa, in kika tara biyar ba wanda za a ji.

Alayyahu da zogale ba na nan ba ne, su sai an dafa.

Tsakanin gyaɗa da kashu, gyaɗa nake sawa, ba don arha kawai ba. Ki soya ta da kanki a kasko ba mai, kina juyawa har ɓawon ya fara sakin jiki, ki murje, ki fece, ki farfasa ta biyu-biyu. Ƙamshin gyaɗar da aka soya yau ba ya cikin kwalbar kashun da ta yi wata a shago. Kashu yana da kyau a ido in baƙin na nesa ne, ki ɗan gasa shi kafin ki sa. Irin su wolnot, ƙwayayen waje da ake shigowa da su, kuwa mai ya yi musu yawa, zafin ƙasarmu yana sa su ɗaci tun suna cikin leda. In kina da riɗi ki soya cokali ɗaya ki watsa. Kuma duk gyaɗar da kika ga ta motse, ta yi baƙi ko fumfuna, ki tsince ki zubar, gubar da ke cikinta tana cutar da hanta kuma wuta ba ta kashe ta.

Sannan don Allah kada ki zuba masa bama. Wancan na salak ɗin biki ne mai kabeji da karas da waken gwangwani, a nan zai danne komai. Ki samu 'yar kwalba mai murfi, ki zuba mai cokali 3, ruwan lemun tsami cokali 1, zuma ƙaramin cokali, gishiri kaɗan, ki rufe ki girgiza har ya yi kauri. Man zaitun ya fi, amma man gyaɗa mai kyau da aka ɗan soya da albasa ya huce yana yi, da shi ma aka saba a kwaɗo. Ba za ki zuba ba sai an zauna za a ci, domin gishiri da tsami suna janye ruwan ganye, cikin rabin awa ya yi laƙwas. Shi kuma ganyen ki tabbatar ya bushe bayan wanki, ki baza shi a kan tsumma mai tsabta, mai ba ya kama jiƙaƙƙen ganye, sai ya gangare ya taru a ƙasan faranti. Da hannu za ki yayyaga latas ɗin, ki juya shi da rabin haɗin man, ki shimfiɗa a tire, kayan marmari su hau, cuku ya biyo da ɗuminsa, gyaɗa a ƙarshe don kada ta yi sanyi.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa miki, don kasuwa yanzu sai da ido. Akwai masu miƙa wa baƙuwar fuska awarar waken suya su ce cukun madara ne. Ki shinshina: na madara ƙamshin madara yake yi, awara kuwa wake za ki ji. Na Fulani yakan zo a dunƙule da shatar kwando, in kin tauna soyayyensa yana ɗan ƙara a haƙori. Wasu kuma na jiya ko shekaranjiya suke ɗaurayewa su jera a sama, ki taɓa, in yana santsi ko ruwan da yake ciki ya yi kumfa, ki wuce. In kika samu mace ɗaya mai gaskiya ki riƙe ta, ki biya ta da kyau.

A babban kanti ma ba a tsira ba. Za ki ga farin cuku a kwali mai hoton teku da tumaki, ki ɗauka feta ne, in kin juya bayansa ki tarar madarar shanu ce da man ganye, kuɗin kuma kusan ɗaya. Ki karanta abin da aka rubuta, ki duba ranar lalacewa, kuma ki guji wanda aka yanka aka sake naɗewa a leda ba suna ba kwanan wata. Da yadda wuta take a ƙasar nan, ba ki san sau nawa firjin ya huce ya sake sanyi ba. Fakitin da ya kumbura, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa.

Mangwaro ma haka. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan masu nunar da shi da ayaba da sinadarin kabayid, wanda masu walda ke aiki da shi. Za ki gan shi rawaya shar a waje tun lokacinsa bai yi ba, ba ƙamshi a wajen gindin, in an yanka ciki da tsami da tauri. Ki sayi wanda ya ƙosa ki nannaɗe a takarda a gida, zai nuna da kansa. Zuma kuma ki saya wurin wanda kika sani, narkakken sukari ya cika kwalabe. Latas ɗin da mai tallan ke yayyafa wa ruwa yana sheƙi, ba ki san ruwan da aka shayar da shi a lambu ba, wasu lambunan cikin gari da ruwan kwata ake ban ruwa. Ki ɓalle shi ganye-ganye, ki wanke ƙasar, ki jiƙa a ruwan gishiri ko ruwan khal na ɗan lokaci, ki sake ɗaurayewa da ruwan da kuke sha.

Na mutum shida: latas manya biyu, ƙullin lansir ɗaya in lokacinsa ne, mangwaro biyu ko lemun zaƙi uku, cuku dunƙule uku, gyaɗa cike da tafi biyu, albasa rabi. In kin zaga ba ki samu cukun Fulani a garinku ba, ki soya awara mai kyau da kika jiƙa a gishiri da lemun tsami, ko ki yanka dafaffen ƙwai. Ki gwada farantin mutum biyu ke da maigida kafin ranar, don ki san yawan gishirin da cukun yake sha. Allah Ya sa albarka, Ya ba da zaman lafiya.