Jaka ɗaya ga jita da biyolin: yadda aikin mai ɗinkina ya fito

Duk wanda yake kaɗa kayan kiɗa iri biyu ya san wahalar da ke cikin ɗaukarsu. Jita a baya, akwatin biyolin, wato gogen Turawa, a hannun dama, takardun waƙa a hammata. In ka zo bakin ƙofa sai ka ajiye ɗaya ka buɗe, in ka shiga mota mai cunkoso hankalinka ya rabu biyu. A rukuninmu ana bukatar duka biyun a zama guda, wannan waƙa da jita, ta gaba da biyolin, don haka babu wanda zan iya bari a gida. Abin da ya sa na shiga neman jaka guda da za ta ɗauke su tare ke nan.

Jakar kaya biyu ba sabon abu ba ce. Masu busa kilarinet, wata irin sarewar Turawa, a manyan rukunonin kiɗa sun daɗe suna yawo da akwati mai cin guda biyu, saboda aikinsu na bukatar biyu masu murya daban. Kamfanin BAM na Faransa da Gewa na Jamus suna yin akwatin da ke ɗaukar biyolin da biyola, wadda ta ɗan fi shi girma, tare. Kamfanin Mono na yin jakar jita biyu, ta katako da ta lantarki. Sai dai duk waɗannan kayan siffarsu ta yi kusa da juna. Nawa kuwa ba su haɗa komai ba. Jitar katako ta ɗan haura mita ɗaya a tsawo, faɗin cikinta wajen santimita 40, kaurinta wajen 12. Biyolin gaba ɗayansa bai wuce santimita 60 ba, nauyinsa bai kai rabin kilo ba, amma izgar da ake goga shi da ita ta fi shi tsawo, tana kai wa santimita 75. Na duba iya dubawata ban ci karo da jakar da aka yi domin su biyun ba, sai na yanke shawarar a ɗinka mini.

Wanda na kai wa aikin mai ɗinkin jakunkuna ne, yawancin aikinsa jakar kyamara ce da ta kayan aikin masu gyaran lantarki. Tun farko ya faɗa mini gaskiya cewa bai taɓa yi wa kayan kiɗa jaka ba. Kuma ya ƙi karɓar awo ta waya, ya ce sai na kawo kayan ya gani da idonsa. Da na kai, ya shimfiɗa kwali a kan tebur, ya kwantar da jitar ya zana gefenta da fensir, ya yi wa biyolin haka, sannan ya ɗauko tef yana auna tudu da kwari. Da ya zo kan ɗan katakon nan da tsirkiyoyi ke hawa, wanda makaɗa ke kira jaki, sai ya tsaya.

"Malam, wannan da gam aka manne shi?"

Na ce a'a, tsirkiyoyin ne kawai suka danne shi, in aka sassauta su zai faɗi. Na nuna masa ta ramin da ke fuskar biyolin cewa a ciki ma akwai wani siririn ginshiƙi da ke tsaye tsakanin fuska da baya, shi ma ba gam, matsi ne ke riƙe da shi. Na gaya masa katakon fuskar kaurinsa wajen milimita 3 ne kacal, in wani abu ya danna jakin nan da ƙarfi, fuskar ce za ta tsage daidai kan ginshiƙin, kuma wannan tsagar tana cikin mafi munin raunin da biyolin ke samu. Ya yi shiru yana jujjuya shi a hannu, sannan ya ce, "To ai soso kaɗai ba zai yi ba ke nan. Wannan ɗaki yake bukata mai bango."

Wannan maganar ce ta sa na bar masa aikin da zuciya ɗaya. Yawancin masu ɗinki da ka ce musu jakar kayan kiɗa, abin da ke zuwa ransu shi ne a ƙara soso. Soso yana tare bugu, amma ba ya hana dannewa. In wani ya jingina da jakarka a mota, ko aka ɗora mata kaya, soso lotsawa zai yi ya miƙa nauyin kai tsaye ga jakin.

Da farko ya so ya cusa biyolin a sararin da ke ƙarƙashin wuyan jitar, don jakar ta fito siririya. Dabara ce mai kyau, amma awo ya ƙi: wurin bai kai tsawon biyolin ba, zurfinsa ma bai isa ba. Sai ya koma ga ɗaki biyu. Jita tana ɓangaren da ke manne da bayana. Bayanta akwai allon filawud mai milimita 6 da ya raba tsakani, a kansa kuma ya gina wa biyolin akwati na filawud, bango da murfi, tsawonsa ya ɗan ɗara na izga. Duka ya lulluɓe su da yadin Cordura mai kauri, irin wanda ake yi wa jakar sojoji da ta masu hawan dutse. Soson da ya sa ba na katifa ba ne, irin mai tauri ne da ba ya shan ruwa, kaurin santimita 2. Ciki kuma karammiski.

Ɗakin biyolin shi ne inda ya fi nuna gwaninta, kuma shi ne dalilin da ya sa nake wannan rubutu. Na yi masa bayanin yadda akwatuna masu kyau suke riƙe biyolin, wato ba a barin bayansa ya kwanta a ƙasan akwati, ana tallafe shi ne a wuri biyu, gindin wuya da ƙarshen jiki, inda katakon ya fi ƙarfi. Ya gane nan take. Ya yanka matasai biyu ƙanana ya ɗora su daidai wuraren, ya sa maɗauri a wuya. In ka kwantar da biyolin ka zura takarda ta ƙarƙashinsa, za ta wuce ba ta taɓa komai ba. Ranar da na je karɓa, shi da kansa ya kawo gwajin da ban taɓa tunaninsa ba. Ya goga alli a saman jakin, ya rufe murfi, ya ja zif, ya ɗora tafin hannunsa biyu ya danna da nauyin jikinsa. Gabana ya faɗi. Da ya buɗe, muka duba karammiskin murfin a hasken taga, babu ko ɗigon fari. Ya bar sarari kamar kaurin yatsa tsakanin jaki da murfi, kuma murfin bai lanƙwasa ba.

Izga tana da mazauninta a jikin murfi, da 'yar sakata mai juyawa da ke riƙe ta, gashinta ba ya gogar komai. Ƙaron da ake shafa mata yana cikin wani ɗan aljihu mai rufi, wanda ya dace, domin garinsa in ya zuba a kan fenti mannewa yake yi.

A ɓangaren jita abin da na fi damuwa da shi wuya ne. Tsirkiyoyin ƙarfe guda shida suna jan kan jita da nauyin da ya haura kilo 70, kuma daidai inda kan ya karkata baya katakon ba shi da ƙarfi. Shi ya sa jita za ta faɗi tana cikin jaka, a buɗe a tarar kan ya karye alhali jikin lafiya lau. Ya sa mata matashi mai tauri a ƙarƙashin wuya, mai kwarmi daidai faɗinsa, da maɗauri, yadda kan yake a sarari ba ya taɓa ko'ina. Ragowar wurin ya mayar da shi aljihun tsirkiyoyi da matashin kafaɗar biyolin. A gindi kuma, inda maɓallin rataya yake, ya ninka soso ya bar masa rami, don in ka dire jakar a tsaye kada maɓallin ya soki katako. Zif ɗin na kamfanin YKK ne mai lamba 10, manyan haƙora, kuma ya ɗinka masa leɓe ta ciki don kada ya karci fenti.

Wuri guda ne muka yi ja-in-ja. Ya so ya yi maɗaurin wuyan da ledar nan mai kama da fata, don ta fi kyan gani. Na ƙi, saboda akwai fentin sheƙi da ake yi wa wasu jitoci, mai suna naitiroselulos, wanda leda da roba ke narkar da shi in sun daɗe a manne. Bai ji daɗi ba, amma ya canza zuwa auduga. Shi kuma ya gargaɗe ni cewa gam ɗin da ya manna soso da shi yana da wari mai ƙarfi, in bar jakar a buɗe ta sha iska har warin ya fita kafin in sa kaya. Na bi shawararsa.

Yanzu ga inda aikin ya gaza, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne.

Igiyoyin goyo ya ɗinka su ƙasa da inda ya kamata. Da yake akwatin biyolin yana can waje, nesa da baya, sai jakar ta riƙa rinjaya tana jan kafaɗuna baya, kamar goyon da zane ya sassauta. Tafiyar da ba ta kai komai ba sai ƙuguna ya fara ciwo. Na mayar masa, ya ɗaga su sama, ya ƙara maɗaurin ƙirji da na ƙugu, bai yi ƙorafi ba kuma bai nemi ƙari ba. Yanzu tana zama daram. Amma ramukan tsohon ɗinkin suna nan a jikin yadin, kuma ta nan danshi ke iya shiga.

Mariƙin hannu kuwa har yau yana ba ni haushi. Ya auna tsakiyar tsawon jakar ya ɗinka shi a nan, alhali nauyin yana wajen gindi. In na ɗauke ta a hannu sai gindin ya sunkuya yana neman taɓa ƙasa, musamman a matakala. Gyaransa sai an farke gefe guda gaba ɗaya, don haka na haƙura. Mutumin da ya yi tunanin gwajin alli bai kamata wannan ya wuce shi ba.

Zif ɗin waje ba shi da marufi. Yadin kansa ruwa ba ya ratsa shi, amma in ruwan sama ya yi ƙarfi yana bi ta haƙoran zif ya jiƙa gefen karammiski. Sannan launin baƙi ne, don shi kaɗai yake da shi a lokacin. Baƙin yadi yana zuƙar zafin rana, biyolin kuwa da gam ɗin fatar dabba ake haɗa shi, wanda zafi da danshi ke sassautawa. Masu ƙera jita irin su Martin da Taylor suna ba da shawarar a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, biyolin ma kusan haka yake so. Na jefa ƙaramin ma'aunin danshi a kowane ɗaki, kuma ba na barin jakar a rana ko a cikin mota a rufe. Game da alƙawari kuma, ya saɓa ranar da ya ɗiba, kuma a tsakanin ba kullum yake ɗaga waya ba. Wanda yake da wasa a gabansa ya kai aikin da wuri.

Akwai kuma abin da ba laifinsa ba ne, halin jakar kaya biyu ne ko wa ya ɗinka ta. Kaurinta ya kusa santimita 30, nauyinta da kaya a ciki ya doshi kilo 8. A Amurka akwai dokar 2012, wadda ƙa'idojinta suka fara aiki a watan Maris na 2015, da ta wajabta wa kamfanonin jiragen ƙasar su bar fasinja ya shiga da jita ko biyolin, muddin kayan zai shiga ma'ajiyar da ke saman kujeru kuma akwai wuri lokacin da ya hau. Jaka mai wannan kauri da wuya ta cika sharaɗin farko, kuma ni ba zan yarda biyolin ɗina ya tafi cikin kayan da ake jibgewa a ƙasan jirgi ba. Don haka tsofaffin akwatunana biyu suna nan, ban rabu da su ba. Haka nan in jakar ta faɗi, kaya biyu ne suka faɗi, in aka ɗauke ta, biyu ne suka tafi. Ba na ajiye ta inda idona ba ya kai wa.

Amma a zirga-zirgar yau da kullum, zuwa gwaji da dawowa, hawa mota da sauka, ta sauƙaƙa mini rayuwa ƙwarai. Hannuwana biyu a sake suke. Tun da na fara amfani da ita jakin biyolin bai taɓa gocewa ba, kuma sau da yawa ina buɗewa in tarar tsirkiyoyin suna nan kusa da yadda na saita su. Ɗinkin bai saki ko'ina ba, har wajen igiyoyin da ke ɗaukar nauyin duka.

Wanda zai kai irin wannan aiki, ko ga wane mai ɗinki ne, ya tafi da kayan kiɗan kansu, kada ya aika awo. Ya dage a kan allo mai tauri a tsakani da murfin da ba ya lotsawa. Ya nemi yadi mai haske da marufin zif tun kafin a yanka. Kafin a ɗinka mariƙi da igiyoyin goyo kuma, a sa kayan biyu a ciki, a ɗaga jakar a gano inda nauyinta ya daidaita, a goya ta a zagaya shagon. Ni dai zan koma wurinsa ya ɗinka mini rigar ruwa mai launin toka da zan riƙa lulluɓa mata, wadda za ta rufe zif ɗin da tsofaffin ramukan ɗinki gaba ɗaya.