Jirgin Haramain da matan da ke tuƙa shi

Ƴan'uwa masu tambaya ta ko jirgin ƙasan Haramain ya cancanci kuɗinsa, eh wallahi ya cancanta. Daga tashar Rusaifa a Makka zuwa Madina kusan kilomita 450 ne, yana gudun 300 a awa, cikin awa biyu da rabi ko ƙasa da haka kin sauka, ba irin wahalar bas ba da za ki kwashe awa biyar ko fiye ƙafa duk ta kumbura. AC na aiki, banɗaki tsaf, kujerarki da lambarta ba mai ture ki. Tikitin dai ya fi na bas tsada sosai, kuma a Ramadan in ba ki yi bukin da wuri ba sai dai haƙuri.

Amma ni abin da ya fi taɓa min zuciya matan da ke tuƙa shi ne. Ƙasar nan fa sai Yuni 2018 aka bar mace ta riƙe sitiyarin mota, to a 2022 da kamfanin Renfe na Sifen mai gudanar da jirgin ya nemi mata 30 da za su tuƙa shi, mata 28,000 ne suka nema, farkon 2023 guda 32 suka gama horo. Ki duba yawan nan don Allah, ashe dama can ba iyawa ce babu ba, ƙofar ce a kulle. Wasu mazanmu a unguwar Shara Mansur ta Makka har yanzu suna cewa wai mace ba ta da natsuwar irin wannan aiki, alhali jarrabawa ɗaya ake ci, sigina ɗaya ake bi, rayukan baƙin Allah ɗaruruwa a hannunta kuma tana kai su lafiya, da hijabinta da mutuncinta. Ni daidaiton da nake nufi kenan, a auna ta da ma'aunin da aka auna namiji.

Inda raina ke sosuwa, tikitin sai da lambar iƙama (katin izinin zama a Saudiyya) ko fasfo. Ƴan'uwanmu mata masu aikatau da takardunsu ke hannun kafili, wato ubangidan da ya tsaya musu, da waɗanda ba su da su sam, sai dai su hango shi yana wucewa, gyaran dokar kafala na 2021 ma bai haɗa da masu aikin gida ba.

In za ki hau, ki je da wuri saboda binciken kaya, kuma kar ki ɗebo Ghana-must-go uku, babbar jaka ɗaya suke bari da ƙaramar ta hannu.