Zuwa babban taro ko zama gaban gwani?

Matashin da ya gama Jami'ar Ahmadu Bello ya shiga ƙungiyar masu tantance ayyukan raya ƙasa, hanya biyu ce ke gabansa ta ƙwarewa a aikin.

Ta farko babban taro, irin wanda AfrEA ke shiryawa, ƙungiyar masu tantancewa ta Afirka da aka kafa a 1999. A can za ka ji yadda wasu ƙasashe ke auna aikin rigakafi ko rabon taki, ka gabatar da takardarka, a san da kai. Sai dai kuɗin jirgi da masauki da rajista sun fi ƙarfin sabon ma'aikaci, kuma kwana kaɗan an watse.

Ta biyu, ƙungiya ta haɗa ka da gogagge ya riƙe ka. Ita nake so wa ƙannena. Malamar da ta riƙe ni a Samaru ta zaunar da ni bayan la'asar, jan biro a hannu, tana bin takardar tambayoyin da nake yi wa manoman wani ƙauye a ƙaramar hukumar Giwa layi-layi. Da ta iso kan "Kilo nawa ka girbe?" sai ta ɗago: "Ɗana, manomin Giwa da buhu da tiya yake lissafi." Washegari na koma ƙauyen na sake tambaya, amsoshi suka fito tiryan-tiryan. Kuɗin mota kaɗai na kashe.